Igiyar da Ba Ta Tsinke Ba

A garin Dakoro akwai wata yarinya mai suna Munira. Tana da wayo da saurin karatu. A kalas ɗinsu babu wanda ya kai ta iya Faransanci. Amma tana da gaggawa. Idan aka dama mata fura, kafin a miƙo ludayi ta kafa kai.

Babanta fataucin dabbobi yake yi. Yana sayen tumaki da awaki a hannun makiyaya ta wajen Azagor, ya kai su kasuwa. Ya yi karatun Alƙur'ani mai zurfi, amma bai taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Don haka duk rubutun boko da ya shigo gidan, Munira ake kira ta karanta.

A wannan shekara Munira ta zo ta ɗaya a jarrabawa. Baba ya yi murna ƙwarai. Wata rana da la'asar ya shigo gida rungume da kwali.

Ƙanen Munira, wani ɗan ƙaramin yaro mai suna Halidu, ya ruga da gudu ya tare shi.

"Baba, mine ne a ciki? Biskit ne?"

"Ba na ci ba ne," in ji Baba yana dariya. "Kyautar yayarka ce. Daga butik ɗin Malam Intalla na sayo."

Malam Intalla yana da butik a bakin kasuwa. Yana sayar da rediyo da fitilu da wayoyi. Mutum ne mai fara'a, kullum da babban rawani a kansa.

Munira ta buɗe kwalin. A ciki akwai na'urar wasa da ake haɗawa da tele. Ba sabuwa ba ce, amma tana da kyau. Akwai kuma wasu abubuwa biyu farare, dogaye, masu kama da ɗan guntun rake. Su ake riƙewa a hannu a yi wasan. Ana ce musu manet. Kowace manet tana da ƴar igiya a ƙarshenta.

Munira ta yi tsalle. "Na san wannan! Idan ka wurga hannu, ɗan mutumin da ke cikin tele shi ma sai ya wurga nasa!"

Baba ya haɗa wayoyin kamar yadda Malam Intalla ya nuna masa. Inna ta bar tankaɗe ta zo bakin ƙofa tana kallo. Tele ta kawo haske. Sai ga rubutu ya fito da Faransanci, da hoton hannu a gefensa.

"Tsaya," in ji Baba. "Malam Intalla ya ce kafin a fara, tele za ta yi rubutu. Ya ce in sa ki karanta mana. Mi aka ce?"

Munira ta karanta a zuci. Rubutun gargaɗi ne. Yana cewa a zura hannu cikin igiya a ɗaure ta. A duba kada a sami mutum ko kaya a kusa. A riƙe manet da kyau, kada a sake ta.

Munira ta san halin babanta. Idan ya ji akwai hatsari, zai ce a dakata. Zai sa a kwashe kayan ɗaki. Wataƙila ma ya ce a bari sai gobe. Ita kuwa hannunta har ƙaiƙayi yake yi.

"Ba komai, Baba," ta ce. "Gaisuwa ce. Sun ce barka da zuwa."

"Wanga hoton hannu fa?"

"Hannu ne suke ɗaga mana."

"Ashe suna da ladabi," in ji Baba. Ya ɗaga wa tele hannu shi ma. Kowa ya yi dariya.

Munira ta danna maɓalli, rubutun ya ɓace. Ta fara wasan tenis. Ta wurga hannu dama, ta wurga hagu. Igiyar tana lilo a ƙasan hannunta, ba ta ko kula ta ba. Ranar ba abin da ya faru sai daɗi.

Washegari a lakwal, lokacin hutu, Munira ta tara ƙawayenta a gindin itacen bedi. Tana nuna musu yadda ake buga ƙwallo da hannu wofi. Malaminsu, wanda suke kira Mushe Sa'adu kamar yadda ake kiran malami da Faransanci, ya zo wucewa. Ya tsaya yana kallo.

"Munira, sauro kike kora?"

Yara suka fashe da dariya. Munira ta ba shi labarin kyautarta.

Da aka koma kalas, Mushe ya ce, "Ku ajiye alli. Zan ba ku labari a kan irin wasan Munira."

Kowa ya natsu.

"Lokacin da aka fara sayar da irin wannan wasa a ƙasashen waje, mutane sun so shi sosai. Amma wasu suna wurga hannu da ƙarfi, manet ta kuɓuce musu. Wasu ta fasa musu tele. Wasu ta ji wa na kusa da su ciwo."

Wata yarinya mai suna Safi ta ɗaga hannu. "Mushe, sai aka yi yaya?"

"Sai wasu suka kai kamfanin da ya ƙera wasan ƙara gaban alƙali. Suka ce su sun ɗaura igiya, amma igiyar ba ta da ƙwari, ta tsinke. Kamfanin kuwa ya yi igiya mai kauri, ya kuma riƙa ja wa mutane kunne su ɗaura ta."

Ya juyo wajen Munira. "Kina ɗaura taki?"

"Ina ɗaurawa, Mushe," ta ce da sauri, idonta a ƙasa.

Ranar Asabar da hantsi, rana ta yi zafi. Baba yana zaure da baƙo. Inna tana wanki a tsakar gida. Munira ta gama cin ƙosai, ta shafa hannu a zane sau ɗaya, ta shige ɗaki. Ta kunna wasa. Rubutun ya fito, ta danna ya wuce.

Yau ta yi niyyar cin wani ɗan wasan cikin tele da yake ta kayar da ita. Gumi yana zuba. Tafin hannunta ga mai ga zufa. Ba ta ji shigowar Halidu ba. Ya lallaɓo ya tsuguna kusa da tele don ya gani da kyau.

Ƙwallo ta taho. Munira ta tattara ƙarfinta duka ta wurga hannu.

Fiuu! Manet ta sulɓe. Ta tashi sama kamar tsuntsu. Ƙwas! Ta sauka a goshin Halidu.

Halidu ya ƙwala ihu. Jini ya gangaro ta gefen idonsa.

Inna ta shigo a guje, hannunta duk kumfa. "Innalillahi! Malam! Malam, zo!"

Baba ya shigo, ya suri yaron. Inna ta danne ciwon da mayafinta. Suka hau babur sai gidan likita. Babu wanda ya tsaya tambayar Munira komai.

Gida ya yi tsit. Munira ta ɗauki manet daga ƙasa. Tana tausayin Halidu. Tana kuma jin tsoro. Idan Baba ya gane ta ɓoye masa gargaɗin fa?

Sai labarin Mushe ya faɗo mata. Wasu sun ce igiya ce ta tsinke. Aka ga laifin kamfani.

"Kamfanin yana can nesa," ta ce a ranta. "Bai ma san da Dakoro ba. Wa zai ji ciwo idan na ɗora musu?"

Ta ɗauko almakashin Inna. Ta yanke igiyar. Ta ja bakin zaren da haƙori don ya yi kamar tsinkewa ya yi. Ta mayar da almakashin inda yake.

Bayan azahar suka dawo. An yi wa Halidu ɗinki, an manna masa farar filasta. Har ya daina kuka, yana tsotsar alewa.

"Likita ta ce Allah ya kiyaye," in ji Inna. "Da ta ƙara yin ƙasa kaɗan, da ido ne."

Baba ya zauna a kan tabarma. "Munira, zo nan. Yaya aka yi?"

Munira ta miƙa masa manet. "Na ɗaura igiya a hannuna, Baba. Ita ce ta tsinke. Mushe ma ya ce a ƙasashen waje haka take yi. Har ƙara ake kai masu ita."

Baba ya juya igiyar a hannunsa. Fuskarsa ta canja.

"Wato ruɓaɓɓen kaya Intalla ya sayar mini? Ya kusa makantar mini da yaro!"

Munira ta yi sauri ta ce, "Ba shi ba, Baba. Kamfanin ne."

"Ni ban san kamfani ba. Intalla na sani. Ɗauko kwalin, mu tahi."

"Malam, ka bari ranka ya huce," in ji Inna.

"Yanzu za ni. In bai yi mini bayani ba, sai kwamisariya, wajen ƴan sanda."

Munira ta ɗora kwalin a ka, ta bi bayan Baba. Hanyar kasuwa ba ta da nisa, amma ranar sai ta ga hanyar ta yi tsawo.

Sun tarar da Malam Intalla yana nuna wa wata mata rediyo. Da ya gan su ya washe baki.

"Maraba da ta ɗaya a kalas! Yaya wasa?"

Baba bai amsa gaisuwar da kyau ba. Ya ajiye manet a kan tebur.

"Malam Intalla, dubi abin da ka sayar mini. Igiya ta tsinke, abin ya fasa wa ɗana goshi. Yanzu muka dawo daga likita. Haka ake yi? In ka san kayanka ba su da kyau, don mi za ka ba ni?"

Muryar Baba ta yi sama. Mai shayin da ke gefe ya matso. Masu wucewa suka tsaya. Matar nan ta ajiye rediyon a hankali, ta ja da baya.

Fara'ar Malam Intalla ta ɓace. Bai ko dubi igiyar ba.

"Subhanallahi! Halidu? Yaya idon nasa? Shina gani?"

"Shina gani. Amma maganar ba za ta tsaya nan ba. Zan kai ƙara."

Malam Intalla ya dafa ƙirji. "Wallahi ban san tana da lahani ba. Amma daga hannuna ta fita. In kayana ne suka cuci yaro, ka yi haƙuri. Duk inda ka ce mu tahi, zan bi ka."

Wani daga cikin masu kallo ya ce, "Ai dama kayan hannu sai a hankali. Ni na fasa sayen fitila a nan."

Munira ta dubi Malam Intalla. Wannan mutumin ne yake ba ta dabino idan aka aike ta. Ga shi yana ba da haƙuri a kan abin da bai yi ba. Ga mutane suna gudun butik ɗinsa.

"Baba," ta ce.

Baba bai ji ba.

"Baba!" Ta fashe da kuka. "Ba ta tsinke ba. Ni na yanke ta da almakashin Inna."



"Ban taɓa ɗaura ta ba," ta ci gaba tana shessheƙa. "Rubutun nan ma ba gaisuwa ba ne. Cewa aka yi a ɗaura igiya, a kau da mutane daga kusa. Na ɓoye maka don ina sauri. Baba Intalla bai yi komai ba."

Baba ya juya ya fuskanci mutanen da suka taru. Ya ɗaga murya kamar yadda ya ɗaga ɗazu.

"Jama'a, kun ji da kunnenku. A gabanku na zargi bawan Allah nan, a gabanku nake janyewa. Kayansa lafiya lau suke. Laifin daga gidana ne." Ya kama hannun Malam Intalla da hannu biyu. "Ka yafe mini. Na yi fushi kafin in bincika."

"Ba komai, wallahi," in ji Malam Intalla. "Uba ne kai. Ka ga jinin ɗanka."

Munira ta durƙusa. "Baba Intalla, ka yafe mini."

"Tashi, ɗiyata. Kin yi kuskure babba. Amma faɗin gaskiya a gaban mutane haka, ba kowane babba ba ne zai iya. Na yafe."

Matar nan ta dawo ta sake ɗaukar rediyon. "To, Malam, kunna mini in ji muryarsa," ta ce. Mai shayi ya yi dariya, mutane suka watse.

A gida Baba ya zaunar da Munira, Inna tana gefe.

"Ɗiyata, ni ban iya karatun boko ba. In rubutu ya zo, ke ce idona. Abin da kika ce, shi nake ɗauka. Kin gane?"

"Na gane, Baba."

"Ciwon Halidu zai warke. Amma da kin yi shiru, da mutumin kirki ya kwana da baƙin suna a garin nan."

"Na ɗauka kamfanin kaɗai abin zai shafa."

"Ko da kamfanin ne," in ji Inna, "ai can ma mutane ne. Ƙarya ba ta zama halal don wanda aka yi wa yana nesa."

Baba ya rufe kwalin, ya ɗora shi a kan kabad. "Ba mai taɓa shi sai goshin Halidu ya warke sarai."

Munira ba ta yi gardama ba. Ta je wajen ƙanenta ta rungume shi. "Halidu, ka yi haƙuri."

Halidu ya yi tunani. "In kin ba ni ƙosanki na gobe."

"Na ba ka."

"Da na jibi."

Inna ta kasa riƙe dariya.

Ranar Litinin Munira ta sami Mushe Sa'adu kafin a shiga kalas. Ta gaya masa duk abin da ya faru, har da ƙaryar da ta yi masa.

Mushe ya girgiza kai. "Rabin labarina kika ɗauka, kika bar rabi. Kai ƙara haƙƙi ne ga wanda aka cuta da gaske. Wanda ya ƙi bin gargaɗi kuma ya ɗora wa wani, wannan zalunci ne."

"Na gani, Mushe."

"To, bari mu yi wani abu mai amfani. Mutane da yawa a garin nan ba sa karanta Faransanci. Mu juya gargaɗin zuwa Hausa."

Ranar duk kalas suka yi aikin tare. Munira ta faɗi kalmomin. Aka yi ta gardama a kan wace ta fi dacewa. Safi ta zana hannu da igiya a ɗaure. Ta kuma zana wani ɗan yaro da filasta a goshi, yana zaune can nesa. Bayan an tashi, Munira ta kai wa Malam Intalla takardar. Ya ji daɗi, ya manna a bangon butik inda kowa zai gani. Ya kuma ba ta sabuwar igiya mai kauri.

Halidu kuwa ya zama sarki a unguwa. Duk yaron da ya zo, sai ya nuna masa filasta. Kullum da safe yana zuwa wajen Baba ya miƙa goshi.

"Baba, duba. Ya warke?"

"Saura kaɗan."

Da ciwon ya warke, Baba ya sauko da kwalin. Ya kuma aika aka gayyato Malam Intalla. Munira da Halidu suka kwashe kwanuka da buta daga ɗakin. Aka shimfiɗa wa masu kallo tabarma a bakin ƙofa.

"Yau manya za su fara," in ji Malam Intalla. "Akwai dambe a ciki?"

"Akwai!" in ji Munira. Ta ɗaure wa kowannensu igiya, ta ja ta ji ta kama.

Aka fara. Baba yana kai naushi kamar mai korar awaki daga rumbu. Malam Intalla yana tsalle yana kaucewa, alhali ba wanda ke kusa da shi. Can sai rawaninsa ya fara warwarewa. Ya sauko ya rufe masa ido. Bai daina ba, ya ci gaba da naushin iska a makance. Sai ga ɗan damben Baba ya faɗi warwas a cikin tele.

"Na ci? Na ci?" in ji Malam Intalla daga cikin rawani.

Halidu ya kwanta yana birgima don dariya. Inna har da hawaye. Baba ya zauna yana haki.

"Mutum bai gani ma ya kayar da ni! A sake!"

Daga ranar Munira ta riƙe darasi biyu. Gargaɗi ba ado ba ne, an rubuta shi ne don ya kare mu da na kusa da mu, saboda haka a tsaya a karanta, a kuma bi. Idan kuma ka yi kuskure, kada ka ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba. Ka buɗe baki ka ce, "Ni ne."